Lamba Huɗu a Cikin Rana

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

An dakatar da Yaya daga aiki yau, har sai kwamitin bincike ya zauna ranar 20 ga wata.

Ita ta kira ni da kanta, ina kan tebur ina gyara labarin wani. Ta karanta min takardar tun daga sama har wurin sa hannu, da muryar da take karanta wa iyaye katin rigakafi. Shekara goma sha tara ke nan tana aiki a asibiti, shida daga ciki tana shugabantar ma'aikata ashirin da huɗu masu bin gida-gida suna yi wa yara allura. A farkon shekara hukumar asibitin ta ce a daina rubutu a takarda. Kowace ma'aikaciya a ba ta waya, ta riƙa shigar da sunan yaro da allurar da aka yi masa a cikin manhaja. Aka ce Yaya ta ba da shawarar wayar da za a saya. Ta bayar.

Wayoyin suna maƙalewa da tsakar rana. In an kashe an kunna, abin da aka shigar tun safe ya tafi. Zuwa makon jiya, yara ɗari uku da goma sha ɗaya ne ba wanda zai iya rantsewa ko an yi musu allura ta biyu ko ba a yi ba. Takardar ta ce "sakaci". A sakin layi na uku ta ce kwamiti zai duba "alaƙar da ke tsakaninta da mai shigo da wayoyin". Yaya ba ta taɓa ganin mutumin ba. Ni na gan shi.

A ƙasan shawarar da ta rubuta musu ta liƙa shafin jarida guda. Shafina ne na ranar Juma'a, wanda na gwada saurin wayoyi shida na jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe.

"Auta, ba kiran faɗa na yi ba," in ji ta. "Ka dai duba min littafinka, ko akwai inda ka yi tuntuɓe."

Na ce zan duba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 9:35 na safe

Littafin yana nan, mai baƙin bango. Komai a rubuce.

Wayoyi shida daga dillalai uku. Na liƙa wa kowacce farar takarda a baya da lambarta, don kar sunan kamfani ya ja min ido. Caji cike. Hasken allo rabi. Na cire musu riga. Manhajar gwaji tana ɗora wa ƙwaƙwalwar waya aiki mai nauyi na minti huɗu, lissafi da zane da buɗe hotuna, sannan ta ba da maki. Kowacce sau uku, da hutun minti goma a tsakani, in ɗauki matsakaici. Shekara tara haka nake yi, kuma haka nake rubutawa a ƙasan kowane shafi: an yi gwajin sau uku, an ɗauki matsakaici.

Lamba Huɗu: 4,310, sai 4,298, sai 4,305. Mai bi mata 3,640, alhali ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa na rubuta cewa, "Ga mai aikin da ba ya son jira, babu kamarta a ajinta." Na ji daɗin jimlar a lokacin.

Wuri: ɗakin taro, hawa na biyu, kan teburin gilashi. Har wannan na rubuta.

Takardar mayar da kaya tana cikin fayil. An rubuta shida a kanta. Sa hannuna ne.

Ban ga kuskure a lissafi ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Na sake haɗa alƙaluman. Matsakaicin bai motsa ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

Na je gidan Yaya. Na same ta tana gugar kayan aiki, farare uku, ta rataye su a jere kamar gobe da safe za ta fita.

Wayarta ta ofis tana hannunta, ba su karɓa ba tukuna. Irin Lamba Huɗu ce, suna ɗaya, launi ɗaya. Na zauna a falo na cire mata riga, na fito da agogon awon lokaci.

"A nan za ka gwada?" in ji ta.

"Ai ko'ina ɗaya ne."

"'Yan matana ba a falo suke aiki ba. Tashi."

Ta mayar wa wayar rigarta ta roba, ta ja ni tsakar gida, inda babu ko inuwar igiyar shanya. "Tsaya nan. Riƙe ta a hannu. Haka suke tsayuwa a ƙofar gidan mutane, uwa tana ciki tana laluben katin yaro a ƙarƙashin katifa."

Zagaye na farko, 4,120. Na duba agogo don in ba ta hutunta.

"Me kake jira?"

"Minti goma. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar wa? Iyaye takwas a tsaye da goyo, wa zai ba ta minti goma? Danna."

Na danna. 2,870. Na sake. 1,540. Bayan wayar ya yi zafin da sai da na sauya hannu. A zagaye na huɗu allon ya tsaya cak a kan kashi sittin da ɗaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Na san abin da ake ciki, na sha rubuta shi. Ƙwaƙwalwar waya in ta yi zafi, ita da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Mai kyau tana ragewa kaɗan. Wannan zubewa ta yi.

"Auta, kai a wace irin rana ka gwada ta?"

"A ɗakin taro."

"Wancan mai sanyin esi?"

"Mai esi."

Ta yi dariya, amma ba ta kai ido ba. "Allah sarki. Ashe wayar 'yan hutu ka zaɓar mana."

Ta ba ni wayar na taho da ita. A mota na ajiye ta a kujerar gefe. Har na iso ofis ba ta gama hucewa ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 11:50 na safe

Na nuna wa Edita alƙaluman jiya. Ya duba yana tauna murfin biro.

"Kuskuren hanya ne, Mai Agogo. Layi uku a ƙasan shafi, a ce mun yi gwajin a wuri mai sanyi. Shi ke nan."

Na ce layi uku ba za su yi wa Yaya komai ba. Kwamiti cewa zai yi ta dogara da gwajin ɗakin taro, kuma batun alaƙa da dillali yana nan inda yake.

"To ka aro ainihin wadda ka gwada, ka kai ta rana. In ita ma ta maƙale, laifinka ne kai da esinka. In ba ta maƙale ba, muna da labarin shafin farko." Ya cire murfin daga baki. "Ai ka mayar musu da ita, ko?"

"Takardar tana fayil."

Abin da na faɗa gaskiya ne. Takardar tana fayil.

Juma'a, ƙarfe 6:05 na yamma

Na dawo na tarar da Malama, matata, a kicin. Ta jingina wayarta da gwangwanin gishiri, taku ɗaya daga murhu, suna hira da Inna, mahaifiyarta, ta bidiyo. Tukunya biyu a wuta. Ni da na tsaya a bakin ƙofa sai da na yi gumi. Minti arba'in suka yi, hoton bai ko girgiza ba.

Da suka gama ta nuna min tseren 'yan ajinta da ta ɗauka shekaranjiya a filin makaranta. Minti talatin da takwas a jere, rana a tsakiyar kai.

"Ba ta yi zafi ba?"

"Ɗan ɗumi dai. Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau."

A bayan wayar, ƙarƙashin rigar roba mai furanni, har yanzu akwai tabon gam mai kusurwa huɗu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Malama ta shiga maƙwabta ta bar wayarta a caji. Na ɗauke ta na fita bayan gida, na ɗora ta a kan katanga kusa da ta Yaya. Kowacce da rigarta, babu hutu. Na kafa kyamarar ofis na ɗauki komai.

Ta Yaya: 4,090, sai 2,760, sai 1,480, sai ta tsaya.

Ɗayar: 4,290, 4,210, 4,180, 4,150, 4,140.

Suna ɗaya. Kwali iri ɗaya. Rana ɗaya.

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda littafin nan ba mai karanta shi. Biyar na mayar. Ranar da na kai wa dillalin Lamba Huɗu, ya tura min kwalin baya da yatsa biyu. "Bar ta, Malam. An riga an buɗe, ba za ta sayu ba. A shago ƙura kawai za ta sha." A makon ne allon wayar Malama ya tsage. Na ce a'a sau biyu. Na dawo ofis na cike takardar mayarwa, na rubuta shida. A gida na ɓare farar takardar na ce saya na yi.

Shafin ya riga ya tafi wurin bugu kafin ranar. Wannan ma gaskiya ne, kuma na lura ina yawan faɗa wa kaina shi.

Na mayar da ita caji kafin ta dawo. Na goge manhajar gwajin.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Malama ta tambaye ni me ya sa na yi shiru. Na ce aiki.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Na kai wayar Yaya wurin Likita. Ba likitan mutane ba ne, mai gyaran waya ne a ƙarƙashin matakalar babban shagon kasuwa. Tun muna makaranta nake kai masa kaya. Teburinsa bai fi faɗin tabarmar mutum ɗaya ba, amma ya san wurin kowane ƙaramin noti.

"Ɗan jarida da kansa! Yau wa za a tona wa asiri?"

Ya ɗumama bayanta, ya zura siririyar roba ya ɗaga murfin. Ya sa gilashin ido ya daɗe yana kallo.

"Ka ga nan? Wannan ita ce ƙwaƙwalwar. A hoton da ke jikin kwali akwai farantin jan ƙarfe a kanta, shi ke janye zafi. Nan kuwa baƙar leda ce kawai aka manna. Kamar a ce maka bargo, a lulluɓa maka hankici."

"Za ka faɗi haka a gaban kwamiti?"

"Me zan faɗa? Watakila duk haka suke, hoton kwali ne ya yi ƙarya, kai kuma ka yi gwaji a firji. Kawo wadda ba ta maƙalewa in buɗe, mu ajiye su gefe da gefe."

"Wa ya ce maka akwai wadda ba ta maƙalewa?"

Ya ɗaga gilashin ya kalle ni. "Fuskarka."

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 10:45 na safe

Dillalin ya kira. Na rubuta abin da ya faɗa nan take, kamar yadda nake yi wa kowa.

"Malam Ɗan Jarida! Kwana biyu. An ce kana yawo da wayoyinmu a rana kamar mai shanya."

Ban san wa ya gaya masa ba. Kasuwa ce.

"Ya Madam? Tana dai jin daɗin 'yar kyautar, ko? Na ce wa mutanena, wannan namu ne. Har lambar jikin wayar muka ajiye, don ko ta samu matsala a gyara mata kyauta."

Na tambaye shi ko iri ɗaya ce da waɗanda ya sayar wa asibiti.

"Kwali ɗaya, suna ɗaya. Ni ba ni nake ƙera su ba, Malam. A gaida gida."

Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Saura kwana takwas.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Shafin gobe: yadda ake tsabtace ramin caji da tsinken sakace. Kalma ɗari shida. Edita ya kalle ni ta saman tabarau, ya tambayi ko dillalin ya ba da wayar. Na ce muna magana.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 1:05 na rana

Yaya ta kira sau biyu. Ban ɗaga ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Na gaya wa Malama.

Tana gyaran littattafan 'yan aji a teburin falo, jan biro a hannu. Na faɗa a jere, kamar mai karanta rahoto: wayoyi shida, kwalin da aka turo min, takardar da na cike, katangar bayan gida. Ba ta katse ni ba. Biron ne kawai ya daina motsi.

"Tun yaushe ka san ba iri ɗaya ba ce da tasu?"

"Asabar ɗin da ta wuce."

"Mako guda." Ta rufe littafin da ke gabanta. "Kwana goma sha biyu Yaya tana zaune a gida, ashe amsar tana caji a gefen gadona."

Na ce shafin ya riga ya tafi wurin bugu kafin a ba ni ita.

"Malam, ni ba Editanka ba ce." Ta nuna kujerar da ke kusa da taga. "Ranar da ka kawo ta, Inna tana zaune a can. Ta ɗaga hannu ta sa maka albarka, ta ce Allah ya ƙara buɗi. Ka sunkuyar da kai ka ce amin."

"Na ce."

"To."

Ta cire ɗan kunnenta, ta zura tsinin a ramin gefe, sim ɗin ya fito. Ta zare rigar mai furanni ta ajiye a cinya, ta turo min wayar tsirara a kan tebur. Da yatsa biyu, kamar yadda aka turo min ita da farko. Ba ta san haka aka yi ba.

"Hotunan 'yan ajina suna ciki. Ka sauke min su kafin a farke ta."

Ta shiga ɗaki ta buɗe aljihun tebur. Na ji tsohuwar mai tsagaggen allo tana kunnuwa.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

An kawo min abinci. An kwashe kwanuka. Ba a ce komai ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Likita ya buɗe wayar Malama. A kan ƙwaƙwalwar akwai farantin jan ƙarfe mai faɗin yatsa uku, yana sheƙi.

Ya ajiye su gefe da gefe a kan farar takarda, ya sa ma'auni a tsakani, na ɗauki hoto goma sha ɗaya. Ƙwaƙwalwa iri ɗaya, batir iri ɗaya. Bambancin farantin ne kawai. Ya juya bayanta ya shafa tabon gam ɗin da babban yatsa. Ya kalle ni, ya koma kan aikinsa.

"Ko a masana'anta aka yi biyu, ɗaya ta nunawa ɗaya ta sayarwa, ko a hanya aka sauya kaya, wannan ban sani ba," in ji shi. "Kar ka sa min abin da ban gani ba a baki."

Na ce ba zan sa ba.

Lambar jikin wayar ta yi daidai da wadda na rubuta a littafin baƙin bango wata biyar da suka wuce. Har wannan na rubuta a lokacin. Hannun da zai wanke Yaya shi ne dai hannun da ya rubuta shida.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 3:15 na yamma

Edita ya ga hotunan ya miƙe tsaye. Ya ce a rufe ƙofa. Ya fara tsara kanun labari da hannu a iska. Sai ya tsaya.

"Mutumin da kansa ya ba ka wannan?"

Na miƙa masa rubutun na ce ya duba sakin layi na huɗu. Ga abin da ke ciki: "Wayar da na gwada ban mayar da ita ba. Mai shigo da ita ya ce in riƙe, na riƙe, na sa hannu cewa na mayar. Ban gwada wadda aka saya a kasuwa ba, kuma ban gwada ko ɗaya a rana ba."

Ya karanta sau biyu. Ya sa aka ɗauko fayil, ya duba takardar, ya zauna.

"Za mu iya cewa jaridar nan ta samu ɗaya daga cikin wayoyin. Ba ƙarya ba ne."

Na ce kwana goma sha biyar ina rayuwa a kan abubuwan da ba ƙarya ba ne. Na ce kwamiti zai tambayi yadda aka san ita ce na gwada, kuma amsar ita ce lambar da ke littafina. Dillalin ma yana da lambar. In ban faɗa ba shi zai faɗa, ranar da ya ga dama, kuma daga ranar hotunan nan ba su da daraja.

"In sakin layin nan ya fita, shafin ba naka ba ne. Ba ni zan yanke ba, amma na san abin da za a yanke."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya mayar da murfin biro baki, ya cire. "Shekara tara, Mai Agogo. A kan waya guda. Da ma mota ce."

Mu duka biyu muka yi dariya. Ba ta daɗe ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Malama ta riga ni zuwa wurin Yaya. Jiya ta je bayan an tashi makaranta.

Na sami Yaya a tsakar gida da ma'aikatanta uku, kowacce da tarin takardu a cinya. In sun tashi aiki sai su sake bin gidajen, su duba katin kowane yaro da ido, su kawo mata ta jera. Ba wanda ya sa su. Cikin ɗari uku da goma sha ɗaya sun gano ɗari da casa'in da huɗu. Ta sallame su kafin ta kalle ni.

"Auta, da kana ƙarami in ka fasa kofi, sai ka tattara gutsattsarin tsaf ka jera su a ƙarƙashin gado. Ban san har yau kana yi ba."

Na fara bayani. Ta ɗaga hannu.

"Sau biyu na kira ka ranar Juma'a."

"Na gani."

"Ba don wayar na kira ba. Gidan ne ya yi min shiru." Ta daidaita takardun a gwiwa. "An ce shafinka zai tafi."

"Haka aka ce."

Na yi tsammanin za ta ce in bari. Na ma shirya amsar.

"Ƙarfe goma," in ji ta. "Ka sa riga mai kyau. Kuma kar ka zo min da dogon bayani, mutanen nan tsofaffi ne."

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Mutum biyar ne a kwamitin. Shugaban tsohon likita ne mai sanda. Akwai wata lauya, akwai sakatare. Ɗakin yana da esi, teburin na gilashi ne. Na kusa yin dariya.

Na roƙi a fita waje.

"Waje? A wannan ranar?" in ji shugaban.

Na ce a wannan ranar ma'aikatan suke aiki, ranka ya daɗe. Yaya ba ta ɗaga kai ba.

Na ce kar a yi amfani da ta Yaya, tunda an taɓa buɗe ta. Shugaban ya aika ɗakin ajiya aka kawo kwali uku, ya zaɓi ɗaya da sandarsa. Muka ɗora ta a kan katangar wurin ajiye motoci kusa da Lamba Huɗu. Su suka tsaya a inuwar baranda, ni a rana, ina faɗar maki da ƙarfi sakatare yana rubutawa. Ta ɗakin ajiya ta tsaya a minti na goma sha uku. Shugaban ya sauko ya taɓa bayanta, ya janye hannu da sauri. Lamba Huɗu ta gama zagaye biyar a kan 4,130. Sannan na raba hotunan.

Da muka koma ciki lauyar ce ta yi tambayar.

"Ta yaya aka yi wannan ta kasance a hannunka bayan wata biyar?"

Na faɗa. Sakataren ya ce in maimaita a hankali. Na maimaita a hankali. Na san yadda ake taimaka wa mai rubutu.

"Ita ta san da wannan lokacin da ta ba da shawara?"

"Shekaranjiya ta sani."

"Wato kai aka bai wa abu, ita aka dakatar."

"Haka ne."

Suka karɓi wayoyin da littafin baƙin bango, suka ba ni takardar shaida. Na karanta adadin da ke kanta sau biyu kafin in sa hannu.

A bakin ƙofa Yaya ta gyara min wuyan riga. "Ka ƙone a goshi," in ji ta. Ta wuce ta hau mota.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5:35 na yamma

Jarida ta fito. Hotunan suna shafin farko. Sakin layi na huɗu yana nan yadda na rubuta shi, waƙafi ɗaya kawai aka matsar. A saman shafina an sa layi biyu cewa an tsayar da shi. An mayar da ni teburin gyara rubutun wasu. Na miƙa makullin kabad ɗin kayan gwaji. Agogon nawa ne, na sa shi a aljihu.

Wayar dillalin a kashe take tun safe. Ko a ina aka cire farantin, har yanzu ban sani ba, kuma haka na rubuta.

Ƙarfe ɗaya saƙo ya shigo daga tsohuwar wayar Malama: "Ka biya ka sayo sabulu." Kalma biyar. Na karanta fiye da yadda ya kamata.

Yaran da aka gano sun kai ɗari biyu da talatin.

Sakataren kwamiti ya kira Yaya ƙarfe uku, ya ce ta shirya komawa aiki ranar Litinin. Da baki ya faɗa. Shugaban bai sa hannu ba tukuna. Har ƙarfe biyar da rabi takardar ba ta iso ba.